Jera sunayen shari'o'i ba shi ke kawo maki ba

Abin da ke damuna shi ne yadda ɗaliban shari'a da yawa suka ɗauka cewa aikin rubutu yana samun maki ne gwargwadon yawan shari'o'in da aka jera cikinsa. Ba su rasa dalili ba. Malamai kan ce kada a yi magana ba madogara, sai ɗalibi ya ga kamar kowane suna ƙarin maki ne.

Amma malami dalilin hukuncin yake nema, da yadda ya shafi tambayar da aka ba ka. Ɗauki shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932. Wata mata mai suna Donoghue a garin Paisley na Sikotland ta sha lemon citta da aka saya mata, ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar. Ba ita ta biya ba, kuma babu ciniki tsakaninta da Stevenson, mai kamfanin da ya yi lemon, wanda ta kai ƙara. Duk da haka kotun ƙoli ta Birtaniya a lokacin ta ce wajibi ne mai sarrafa kaya ya kiyaye lafiyar wanda zai sha.

Idan tambayarka kan gurɓataccen ruwan leda ce, wannan dalilin za ka fito da shi, ka auna shi da abin da ya faru, ko da shari'a ɗaya tak ka kawo.