Muryar Aragoz ba maƙe murya ba ce

Aragoz ɗan tsanar wasa ne na Masar, mai tsiwa da siririyar murya. Akasari ana ɗauka mai wasan maƙe murya yake yi, yara ma kan ce usur aka sa a cikin 'yar tsanar. Ko ɗaya ba haka ba ne.

Sautin daga wani ɗan abu yake fitowa, Misirawa na kiransa amana. Faifan ƙarfe ne guda biyu masu ɗan lanƙwasa, ba su wuce gaɓar yatsa ba, an miƙe ƙyallen auduga a tsakaninsu, an naɗe da zare. Mai wasa ya jiƙa shi, ya danna shi a ganda da bayan harshe. Iskar da ta ratsa ita ke kaɗa ƙyallen, baki kuma ya siffanta kalma. Maƙogwaro ba ruwansa, shi ya sa muryar ba ta kama da ta mutum, kuma da gangan ake son hakan.

Ƙyalle in ya bushe ba ya yin ƙara. In ya saki sai huci, in an ɗaure shi tamau sai tsuwa. Babban haɗarin dai haɗiyewa ne.

Kalmomi ba sa fita sarai, don haka wani kan tsaya gaban labulen da mai wasan ke ɓuya a bayansa yana maimaita maganar Aragoz da sigar tambaya. Hukumar UNESCO ta sanya wasan cikin al'adun da ke buƙatar ceto a 2018.