Kwas ɗin minti 90 ne zai hana wulaƙanta majinyata?

Na karanta labarin nan cewa a lardin Kwibek na Kanada an wajabta wa ma'aikatan asibiti kwas na minti 90 a kwamfuta kan al'adun 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a can. To madalla, amma ku tuna abin da ya jawo shi. A Satumban 2020 Joyce Echaquan, 'yar ƙabilar Atikamekw ta 'yan asalin ƙasar, mai 'ya'ya 7, tana kwance a asibitin garin Joliette da ke Kwibek tana ihu saboda ciwo, ta kunna Facebook kai tsaye duniya na ji ma'aikata suna zaginta suna ce mata daƙiƙiya, a ranar ta rasu. Sun ɗauka wai 'yar ƙwaya ce, ashe ruwa ne ya taru mata a huhu. Haka Brian Sinclair, shi ma ɗan asalin ƙasar, a birnin Winnipeg na Kanada a 2008, awa 34 yana zaune kan keken guragu a imajensi ba wanda ya duba shi har ya cika, wasu sun zaci maye ya yi.

Ni dai kwas a kwamfuta bai gamsar da ni ba wallahi, a ɗauki nas-nas da tafintoci daga cikin 'yan asalin ƙasar, wanda ya wulaƙanta majinyaci kuma a kore shi. Nan gida ma na taɓa ganin nas tana yi wa wata Bafulatana tsawa don ba ta jin Hausa sosai.