Mahuchikh: tsalle ya kai sama, suna bai bi shi ba

Shiga kowane gidan kallon ƙwallo ka tambayi wane ɗan wasan Ukraine aka sani. Za a ce maka Mudryk, wanda Chelsea ta saya da kuɗi na fitar hankali a 2023, ko Zinchenko, masu bin dambe su ce Usyk. Da wuya ka ji an ambaci Yaroslava Mahuchikh, 'yar wasan tsallen sama, alhali a fagenta babu macen da ta taɓa kai inda ta kai.

Ranar 7 ga Yulin 2024, a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta Diamond League a birnin Paris, ta tsallake sandar da aka ɗora a mita 2.10. Wato ta haura abin da ya ɗara ƙofar ɗaki tsayi, ta baya, ba tare da ta kayar da shi ba. Tarihin da ta goge na Stefka Kostadinova ce 'yar Bulgeriya, mita 2.09, wanda ya tsaya tun 1987, shekara 14 kafin a haifi Mahuchikh a birnin Dnipro na Ukraine. Wata guda bayan nan ta ci zinaren Olamfik a Paris ɗin dai.

To me duniya ta riƙe? Hotonta a kwance cikin jakar barci a gefen fili, ido rufe, tana jiran a kira ta. Sai labarin yadda ta tsere wa yaƙi a 2022, ta yi kwana uku a mota zuwa Belgrade ta ƙasar Sabiya, ta kuma ci zinaren gasar duniya ta cikin zaure. Labari ne mai taɓa zuciya, ba musu. Amma ni a ganina an rage mata daraja idan sai an ambaci bama-bamai kafin a ambaci tsallenta. Tun tana shekara 18 ta ci azurfa a gasar duniya ta Doha a 2019 da mita 2.04, shekaru kafin Rasha ta ƙaddamar da mamayar 2022.

Laifin na masu shirya wasan ne da masu haska shi. Gudun mita 100 daƙiƙa goma ne, kyamara ba ta ƙiftawa. Tsallen sama kuwa yakan haura awa guda, sai a riƙa nuno shi gutsure-gutsure tsakanin tsere da tsere, mai kallo bai san wa ta faɗi ba, wa ta rage. Ko a ranar da ta kafa tarihin, raba kanun labarai ta yi da Faith Kipyegon ta Kenya, wadda ta kafa nata a mita 1,500 a fili ɗaya.

Wani zai ce ai kasuwa ce, abin da jama'a ke so shi ake sayar musu. To amma Duplantis ɗan Sweden, mai tsalle da dogara sanda, ya samu 'yan kallo saboda ana dakatar da komai a haska shi idan zai gwada kafa tarihi. Da za a yi wa Mahuchikh haka duk sanda aka ɗaga sanda sama da mita 2, da an daina tambayar wace ce ita.