Jarumin da ya ƙi mutuwa, fim ɗin da ba shi da ƙurunƙus

Duk wanda yake zama teburin mai shayi bayan isha'i ya san musu uku ne ba sa ƙarewa, na ƙwallo, na siyasa, sai na fim. Na fim ɗin ma ya fi daɗi don ba a cika ɓatawa a kansa ba. Rannan muna zaune ana jiran indomi da ƙwai, yaron nan mai tura finafinai a waya ya kawo zancen Fast and Furious na 9, wai bai taɓa ganin aiki irinsa ba. Telan layinmu ya ajiye kofi ya ce, "Kai yaro ka ji tsoron Allah, fim ɗin da aka ɗaura wa mota roka aka harba ta sararin samaniya da mutum biyu a ciki, shi ne aiki? Wannan ai rainin hankali ne." Yaron ya ce, "Yaya ai fim ne, in gaskiya kake so ka kunna labarai." Aka kwashe da dariya, mai shayi ma har ƙwai ya kusa ƙone masa.

Tun daga lokacin abin yake min yawo a kai, don ni a ganina dukansu biyun sun kusa wurin amma ba su taka shi ba. Telan ya ji a jikinsa akwai abin da ya lalace a waɗannan manyan finafinan na Amurka masu cin biliyoyi, sai dai ya kira cutar da sunan da ba nata ba.

Mu fara da maganar "ƙarya ta yi yawa" da kowa yake yi. Haba jama'a, mu da aka raina da tatsuniya? Gizo ya ari gashin tsuntsaye ya tashi sama, ba wanda ya taɓa tsayar da kaka ya ce wannan ba zai yiwu ba. Mu da muka girma muna kallon jarumin Indiya shi kaɗai ya daki mutum talatin ko gashinsa bai hargitse ba, ya gama ya je kan dutse ya yi rawa. Shi kansa telan nan da yake zagin motar roka, na san sau nawa ya kalli Baahubali na 2, wanda a cikinsa sojoji suke lanƙwasa bishiya mai kama da giginya su hau, ta cilla su sama suna haɗe da garkuwa su faɗa cikin ganuwar birni. In ƙarya ce ma'auni ai wannan ta taka ta motar ta wuce. Amma da aka tambaye shi cewa ya yi wancan daban ne. Kuma gaskiya ya faɗa, daban ne ɗin, bai dai iya cewa ta ina ba.

Ga ta inda nake ganin bambancin. A ƙarshen Baahubali na 1, wanda ya fito a 2015, an nuna Kattappa, amintaccen bawan gidan sarauta, ya soke Baahubali ta baya. Aka rufe fim a nan. Kusan shekara 2 mutane a Indiya da wajenta suna tambayar me ya sa ya kashe shi, har sai da na 2 ya fito a 2017. Da ya fito bai ce mana ai wasa ake ba, ai bai mutu ba, ai wani ne mai kama da shi aka soka. Ya mutu ɗin, sai dai aka ba mu dalili, kuma dalilin ya yi ciwo. To in ka san mutuwa a fim ɗin nan mutuwa ce, sai ka yafe wa bishiyar da take cilla sojoji, don hankalinka yana kan wa zai rayu wa zai tafi.

Yanzu dubi gidan su Fast. An fara a 2001 da ƙaramin labari, 'yan tseren mota a titunan Los Angeles da ake zargi da tare manyan motoci suna kwashe kayan lantarki, da ɗan sanda da ya shige cikinsu a ɓoye. A cikin jaruman, Letty ta mutu a fim ɗin 2009, ta dawo a na 2013 wai mantuwa ce ta same ta. Han ya ƙone a mota a Tokyo a fim ɗin 2006, har an gina gaba da ɗaukar fansa a kan mutuwarsa, sai ga shi a 2021 ya shigo yana cin ɗan abin taɓawarsa kamar wanda ya dawo daga ƙauye. Gisele ta faɗo a wani artabu a filin jirgin sama a 2013 aka ce ta mutu, a ƙarshen na 10 a 2023 ta leƙo daga jirgin ruwa mai nutso. To don Allah in mota ta faɗo daga kan dutse da jarumi a ciki me zai sa gabana ya faɗi? Na riga na san ko ƙwarzane ba zai yi ba, in ma ya mutu kwantiragi ne ya ƙare, ranar da aka daidaita a kan kuɗi zai tashi.

Marvel ma da muke ji da su haka suka yi mana. A 2018 bos ɗin nan Thanos ya kaɗa yatsa rabin halitta suka zama ƙura, har da Black Panther da Spider-Man. Wallahi wurin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba, musamman da Spider-Man yake riƙe Iron Man yana cewa ba ya son tafiya. Amma duk mai bin labarin finafinai ya san an riga an sa ranar fitowar wani fim ɗin Spider-Man a watan Yulin 2019, kuma ba mahaukacin kamfanin da zai binne Black Panther wata biyu bayan ya kawo masa sama da dala biliyan 1.3. Kuka kake yi amma rabin zuciyarka tana duba kalanda. A Endgame, fim ɗin da ya biyo baya a 2019, sun yi ta maza, suka kashe Iron Man da gaske, mutumin da ya fara ɗauko tafiyar tun 2008, kuma shi ya sa har yau in ana musu wannan ƙarshen ba mai kushe shi. Sai a watan Yulin 2024 aka fito da Robert Downey Jr, wanda ya yi Iron Man ɗin, a kan dandamali a San Diego aka ce zai dawo, wannan karon a matsayin mugu, Doctor Doom. Ba Iron Man ba ne, na yarda, amma fuskar dai ita ce, kuma kowa ya san fuskar ake sayarwa.

Tatsuniya tana da ƙurunƙus. Ana faɗinsa kowa ya san an gama, a tashi a kwanta. Waɗannan finafinan kuwa ƙurunƙus ɗin ne aka cire musu. Ka zauna awa biyu da rabi, sunaye su fara hawa, a ce kar ka tashi akwai saura, ka jira sunan mai dafa wa 'yan wasa abinci ya wuce, sannan a nuna maka daƙiƙa talatin na wani mutum da ba ka sani ba yana murmushi a duhu, ma'ana mu haɗu baɗi. Kuma kafin baɗin sai ka kalli wasu finafinai uku da siris biyu a Disney+ in kana son ka gane waye shi. Kallo ya koma jinga. Mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun sha sayen kaset na 1 da na 2 a fim ɗin Hausa a ce mu tara a na 3 da na 4, bambancin kawai namu ba a kashe dala miliyan 200 kafin a ja mana rai.

Da musu ya yi zafi sai yaron nan ya ciro makamin da kowane ɗan zamani yake cirowa, wato kuɗin da fim ya kawo. Ya buɗe waya yana karanto mana lambobi kamar da kasonsa a ciki. Wannan ɗabi'ar tana ba ni mamaki, mutumin da a memori aka tura masa fim ɗin shi ne yake alfahari da biliyan ɗin Disney. Ka tuna yadda aka yi ta murna a intanet a 2019 da Endgame ya wuce Avatar ya zama na ɗaya a tarihi da kusan dala biliyan 2.8, sai a 2021 aka sake haska Avatar a sinimomin China ya karɓe kujerarsa, yanzu yana wajen biliyan 2.9. To a tsakanin nan wanne ne ya ƙara kyau wanne ya rage? Ko sakan ɗaya ba a canza a cikinsu ba. In ma lissafin za a bi da gaske a sa faɗuwar darajar kuɗi a ciki, wani tsohon fim na 1939, Gone with the Wind, shi ake ɗorawa a sama, kuma na tabbata a teburin nan ba wanda ya taɓa kallonsa.

Amma fa kuɗin suna da amfani ta wani wajen, don su ne suke bayyana dalilin da jarumi ya ƙi mutuwa. An ruwaito Fast na 10 ya ci sama da dala miliyan 300 wajen haɗawa, ban da na talla, kuma gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Kenan fim ya kawo miliyan 700 amma masu shi suna tagumi. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai yi caca da sabon labari ko sabuwar fuska ba, abin da aka sani zai maimaita, kuma dole ya zama abin da ɗan Beijing da ɗan Sao Paulo da ɗan Kano za su gane ba tare da dogon zance ba, fashewa kuwa ba ta buƙatar fassara. Disney ta sayi Marvel a 2009 a kan dala biliyan 4, ta sayi kamfanin Star Wars a 2012 a kan kusan haka. Wanda ya sayi saniyar tatsa da wannan tsadar ai ba zai yanka ta da sallah ba. Shi ya sa a Star Wars na 2019 ma aka tono tsohon sarkin mugaye da aka jefa rami tun 1983 aka ce ya dawo, ba wani gamsasshen bayani.

A 2019 dattijon darakta Martin Scorsese ya ce finafinan Marvel a wurinsa ba sinima ba ce, sun fi kama da filin wasan lilo da majaujawa, aka yi masa caa. Ni ban bi shi duka ba. Lilo ma ai abin so ne, kuma wanda ya wuni a rana yana fama da adaidaita in ya dawo ya ce shi duka da tsere yake son gani, ba ni da bakin ce masa sai ya kalli fim mai sa tunani. Kuma babban fim yana iya zama mai kyau ƙwarai. Jaws na 1975, fim ɗin kifi mai cin mutane, wanda ake cewa shi ya buɗe wannan kasuwar ta manyan finafinan bazara, injin kifin da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole darakta Spielberg ya riƙa ɓoye kifin yana nuna ruwa da kiɗa da ƙafafun masu iyo, sai tsoron ya ninka. Yau da kwamfuta za ta zana kifi dubu a sati ɗaya, an nuna maka komai, ba abin da aka bar wa zuciyarka ta ƙarasa. Inda na yarda da Scorsese shi ne maganar rashin haɗari, wato ba abin da kake tsoron a rasa.

Su ma masu kallo a can sun fara nuna gajiya. The Marvels na 2023 da kyar ya haura dala miliyan 200, mafi ƙanƙanta a duk jerin. A shekarar kuma Oppenheimer, awa 3 na mutane sanye da kwat suna zance a ɗaki kan bam ɗin nukiliya, ya kawo sama da miliyan 900 ya kuma kwashi Oscar 7. Ga ni nan ni ma na ciro lambobi bayan na gama zagin yaro, to a yafe min, cutar ta kama kowa.

Abin da ya ƙara tsayar min da magana shi ne yadda daren ya ƙare. Wani dattijo mai gadi da ke gefe, wanda tun ɗazu shayinsa kawai yake kurɓa, ya ce shi duk finafinan Turawa ɗaya ne ya tsaya masa a rai, na jirgin ruwan nan da ya nutse. Nan take teburi ya rabe biyu kan ko katakon da yarinyar ta hau zai ɗauki su biyu. Titanic fa, na 1997, yaron mai tura fim ko haihuwarsa ba a yi ba, amma ya fi kowa ɗaga murya, wai son kai ne irin na Rose, da ta ɗan matsa da Jack bai daskare ba. Musun nan ya dami duniya har daraktan fim ɗin James Cameron da kansa ya sa aka yi gwaji da mutum biyu a ruwan sanyi aka nuna a 2023. Ba wanda ya tashi yin irin wannan musun a kan Han, don ba a bar shi a kabarin ba balle a yi kewarsa.

Telan ya ce katakon ba zai ɗauka ba, nauyi zai nutsar da su duka. Yaron ya ce, "Baba kai ka raba mana." Dattijon ya girgiza kofinsa ya shanye ragowar, ya ce shi dai abin da ya sani yaron kirki ne kuma ya mutu, ya ɗauki tocilarsa ya koma bakin get. Mai shayi ya fara kife kofuna, ya ce wanda bai biya kuɗin ƙwai ba ya biya kafin a shiga Avatar.