Ba kowane ƙululu ne ke buƙatar hoton CT ba

Makon jiya ina sashen gaggawa na wani asibiti aka shigo da yaro ɗan shekara huɗu, ya faɗo daga kan gado. Ƙululu ne a goshinsa, amma ga shi a cinyar uwarsa yana kokawar ƙwace wayarta. Likitar ta haska idonsa da tocila, ta tambaya ko ya suma, ko ya yi amai. Babu. Ta ce, "Alhaji, ku bar shi nan mu sa masa ido na awa huɗu." Uban ya hau faɗa: "Da kuɗina zan biya, a yi masa hoton ƙwaƙwalwa kawai!" Ya saɓi ɗansa ya fice, wai likitar ba ta san aikinta ba.

Wannan tunani ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, cewa likitan da bai rubuta hoto ba rago ne. Kuma a watan Satumban 2025 mujallar New England Journal of Medicine ta fitar da binciken yara miliyan 3.7 a Amurka da Kanada, wanda ya ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin goma na kansar jini a tsakaninsu tana da nasaba da radiyeshin ɗin hotunan asibiti, wato hasken da na'urori irin su CT ke ratsa jiki da shi don ɗaukar hoton cikinsa. Ba yau aka fara gargaɗin ba. Tun 2012 wani bincike a Birtaniya ya nuna cewa cikin hoton CT na kai 10,000 da aka yi wa yara 'yan ƙasa da shekara goma, ana iya samun ƙarin kansar jini ɗaya da ƙarin ƙari ɗaya a ƙwaƙwalwa. Jikin yaro yana kan girma, kuma yana da shekaru masu yawa a gaba da cutar za ta samu damar bayyana.

Za a ce, to in jini ne ya taru a kan fa? Ai an daɗe da amsa wannan. A 2009 ƙungiyar likitocin gaggawa ta PECARN ta bi yara sama da 42,000 da suka bugu a kai a asibitocin Amurka 25, ƙasa da ɗaya cikin ɗari ne suka samu rauni mai haɗari, kuma ta fitar da alamomin gane su. Yaron da ya suma, ko yake ta amai, ko ya ruɗe bai gane mutane, ko ruwa ke fita daga kunnensa, ko mashin ya yi jifa da shi, wannan shi ne likita zai duba ko yana buƙatar hoto. Masu cewa mu da na'urar ma ba ta ishe mu ba, sai su faɗa mana dalilin ɓata 'yar da ke akwai a kan yaro mai wasa da waya.

Laifin ba na iyaye kaɗai ba ne. Likitan da ke rubuta CT don gudun surutun mai kuɗi, ko don wata cibiyar hoto na ba shi lada a kan kowane mutum da ya tura, ya ci amanar yaron. Ko a ciwon cikin da ake zargin afendis ne, sikanin irin na masu juna biyu ake fara yi, ba shi da radiyeshin, ya kuma fi araha nesa ba kusa ba.

Hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya da radiyeshin ce ke ba da lasisin waɗannan na'urori a Najeriya. Ya kamata ta riƙa shiga cibiyoyin ba sanarwa, ta duba ko ana rage ƙarfin na'urar in yaro ne a kwance, ko kuwa da ma'aunin ƙato mai kilo tamanin ake haska ɗan shekara huɗu.