Rabin kalmar kawai muka ɗauka

'Yan uwana matasa, akwai wata kalmar Turanci da ta kama mana baki, blame. Abu kaɗan sai ka ji an ce kar ka yi blaming ɗina, ko ai wane za a yi blaming. Don Allah mu ɗan tsaya a kanta.

Ba daidai take da zargi ba fa. Zargi a wurinmu sau da yawa zato ne kawai, shi ya sa a labaran rediyo za ka ji ana cewa wanda ake zargi, tunda alƙali bai yanke hukunci ba tukuna. Ita kuwa blame ɗora laifi ce kai tsaye, ka riga ka gama shari'ar a ranka ka ce wane ne ya jawo. Asalinta ma da nauyi, ta tsohon Faransanci ta shigo Turanci, saiwarsu ɗaya da blasphemy wato ɓatanci.

Abin da ke damuna shi ne rabinta muka ɗauka. Masu harshen suna cewa I am to blame, ma'ana ni ne mai laifin, suna kuma cewa I don't blame you, wato ban ga laifinka ba, da ni ne ma haka zan yi. Yaushe rabon da ka ji ɗayanmu ya faɗi haka? Sakamakon WAEC ya fito ka faɗi lissafi, sai ka ce malamin ne bai iya koyarwa ba, ga rashin wuta a unguwa, ga maƙiya sun sa ka a gaba, amma daren da ka raba kana latsa waya har kiran assalatu ko ambatonsa ba ka yi, laifi tudu ne dai kamar yadda iyayenmu ke faɗa.

Ban ce ba a zaluntar mutum ba, wallahi ana yi, kuma in an cuce ka ka fito ka faɗa da hujjarka. Amma ka tuna a Suratul Ƙiyama aya ta 2 Allah ya rantse da rai mai yawan ganin laifin kansa.

Gobe in Umma ta tambayi wa ya bar famfo a buɗe ruwa ya tsiyaye kuma ka san kai ne, ka ce ni ne Umma, tun kafin ƙaninka ya sha faɗan da ba nasa ba.