Ba a tambayi masu lalurar ba

Na karanta wani rahoto da ya ce mafita ga masu tawayar fahimta a Legas ita ce a gina musu gidajen kulawa, amma duk tsawonsa ban ga inda aka tambayi ko ɗaya daga cikinsu abin da yake so ba. Kuma ya haɗa su da masu taɓin hankali, alhali abu biyu ne daban. Ƙanwata tana da galahanga, irin wadda ake haihuwar mutum da ƙarin ƙwayar halitta ta 21, shekarunta 26, a nan Agege take zaune tare da mu. Ba ta iya lissafin canji, amma ta san wanda yake ƙaunarta, ta san mai yi mata dariya, kuma ranar da aka ce mata "doluwa" a bakin famfo ko abinci ba ta ci ba. Malam mai cewa ai an ɗauke musu alƙalami, gaskiya ne, sai dai hisabi aka ɗauke musu, haƙƙinsu yana nan a wuyanmu. Legas tana da dokar masu buƙata ta musamman tun 2011, ga LASODA, hukumar jihar mai kula da harkokinsu, ga dokar tarayya da Buhari ya sa wa hannu a 2019, amma iyaye nawa a Mile 12 ko Idi-Araba suka san da su? Abin da yake hana ni barci shi ne maganar auren ƙanwata. Dangi sun matsa a aurar da ita don ta samu mai riƙo. In ta ce "to" don ta saba faranta mana rai, wannan yarda ce?